Tashar Wuta a Bakin Teku: Ta Fili, Ta Ɗaki, Ko Ta Rufe Ruf?

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da 'yan kasuwar Dawanau ya san cewa cinikin riɗi da zoɓo da citta ba ya ƙarewa a Kano, domin buhun da aka ɗinke a nan sai ya yi tafiyar kilomita kimanin 1,000 kafin ya hau jirgin ruwa. Wannan ne ya sa wasu daga cikin attajiranmu suka shiga sayen filaye a kusa da Apapa, wasu kuma a yankin Lekki tun bayan da aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta can a watan Janairun 2023, suna gina sito da injinan tacewa da ɗakunan sanyi. Da zarar injina sun yi yawa, taransifomar unguwa ba za ta ɗauke su ba, dole mai masana'anta ya ja layinsa na kansa mai ƙarfin kilobolt 33 ko 11, ya gina ƙaramar tashar da za ta sauke wutar zuwa bolt 415 da injinansa suke ci. A wannan gaɓa ake yin kuskuren da na fi jin takaicinsa, saboda dukiyar halak ta mutanen kirki ce take narkewa a cikin tsatsa.

Wani Alhaji da muka daɗe muna aiki tare ya kira ni ofishinsa, ya shimfiɗa takardun filinsa na Legas a gabana, ya ce: “Injiniya, irin wadda ka yi mana a Sharaɗa nake so a can, don ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba.” Na ce masa: “Ranka ya daɗe, wutar dai ita ce, amma iskar da kayan za su zauna a cikinta ba irin tamu ba ce, kuma iskar ce za ta yanke musu tsawon kwana.” Maganarsa tana da hujja, domin tsarin wutar ƙasar nan iri ɗaya ne daga Kumbotso har Ikorodu. Kamfanin TCN ne yake dakon wuta a kan layukan kilobolt 330 da 132, ya sauke ta a manyan tashoshi irin na Kumbotso da Ɗan'agundi da Dakata, daga nan KEDCO ya karɓa a kan kilobolt 33 ya rarraba. A Legas kamfanonin Eko da Ikeja ne suke wannan aiki, a Fatakwal da Kalaba kuma kamfanin PHED. Zanen da ya yi aiki a Sharaɗa zai kama wuta a Lekki ranar farko, sai dai abin tambaya shi ne halin da zai kasance a ciki bayan damina biyar.

Mu a Kano ƙurar hunturu muka sani. Tana kwanciya a kan tangaran ɗin da ke riƙe wayoyi tun daga Nuwamba har zuwa Maris, amma da yake iska a bushe take, wani lokaci danshinta ba ya kai kashi 20 cikin ɗari, ƙurar ba ta ba wuta hanya. Haɗarinta yana zuwa ne da yayyafin farko, lokacin da ruwan bai isa ya wanke ta ba amma ya isa ya jiƙa ta, shi ya sa ake yawan jin ƙarar tartsatsi da ɗaukewar wuta a farkon damina. Da an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku, Allah ya wanke mana kayanmu kyauta. A bakin teku kuwa, iskar da ke kaɗowa daga ruwa tana ɗauke da ɗigon gishiri ƙanana da ido ba ya gani, tana ajiye su a kan tangaran da ƙarfe dare da rana, kuma danshin iskar Legas yakan haura kashi 80 cikin ɗari a yawancin shekara. Gishiri yana janyo laima da kansa. Da raɓar asuba ta sauka, sai jikin tangaran ya zama siririyar hanya ta ruwan gishiri wadda wuta take bi tana malala zuwa ƙasa. Zafin wannan malala yana busar da wani sashe na jikin, wutar ta tsallake busasshen wurin da tartsatsi, idan tartsatsin ya ci gaba da tsawo sai ya haɗe sama da ƙasa, bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ta katse layi.

Na taɓa kwana a wata masana'anta da ke kusa da ruwa a Legas, inda aka gina tasha a fili da kayan da aka saya bisa ma'aunin arewa. Wajen ƙarfe huɗu na dare na fito, sai na ji tashar tana wani sauti kamar an zuba ƙullun ƙosai a tafasasshen mai, ina ɗaga kai na ga shuɗin haske yana rarrafe a jikin tangaran guda uku. Da gari ya waye aka kashe layi, na shafa yatsa a ƙasan fiffiken ɗaya daga cikinsu, inda ruwan sama ba ya kaiwa, yatsan ya fito da farin gari mai danƙo. Ƙusoshin da ke riƙe ƙafar makunnin kuwa sun kumbura da tsatsa har sifana ba ta kama su, alhali tashar ba ta daɗe ba.

Zaɓi na farko ke nan, wato tashar fili, wadda injiniyoyi suke kira AIS, inda iskar Allah ce take raba waya da waya. Amfaninta a bayyane yake. Ita ce mafi arha wajen saye, duk abin da ya lalace ana ganinsa da ido, ma'aikacin da ya ƙware a Bompai ko Challawa zai iya gyara ta, kuma ana iya haɗa kayan kamfanoni daban-daban ba tare da an ɗaure kai da kamfani guda ba. Wanda ya zaɓe ta a kusa da teku sai ya yarda da sharuɗɗa masu tsada. Na farko shi ne tsawon tangaran. Hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki a duniya, ta daɗe da raba wurare gwargwadon dattin iskarsu, kuma ma'aunin da aka saba da shi shi ne milimita 16 ko 20 ko 25 ko 31 ga kowane kilobolt, ana auna hanyar da wuta za ta bi a jikin tangaran idan ta bi duk lanƙwasar fikafikansa. A layin kilobolt 33 ana yin lissafi da 36, don haka tangaran ɗin wuri mai matsakaicin datti yana da hanyar milimita 720, na bakin teku kuwa yana buƙatar milimita 1,116. Ɗan kwangilar da yake son ya rage farashi a nan yake fara yanka, saboda mai gida ba zai bambance su da kallo daga nesa ba. Madadin tangaran shi ne mariƙin roba na silikon, wanda ruwa ba ya shimfiɗuwa a jikinsa sai dai ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, kuma ana iya fesa wa tsohon tangaran irin wannan roba. Ko da an yi haka, wanki da ruwa mai tsabta marar gishiri ya zama aikin da ake sa wa rana a kalanda, wanda kuma yake nufin kashe injina.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙarfe. Ƙarfen da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, idan mai kauri ne, yakan fito da rufi na maikiron 85, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A wurin da iska take a bushe kuma babu hayaƙin masana'antu, abin da ke zaizayewa a shekara ba ya wuce maikiron 0.7, don haka rufin zai fi mai ginin daɗewa. A wurin da ƙa'idar ISO, hukumar ma'aunin ingancin kaya ta duniya, ta sa wa lamba C5, wato irin bakin teku mai gishiri, zaizayar tana tsakanin maikiron 4.2 da 8.4 a shekara, ma'ana rufin nan zai ƙare cikin shekara 10 zuwa 20, ƙananan ƙusoshi masu siririn rufi kuwa tun kafin haka. Saboda haka ana ƙara fenti na musamman a kan tutiyar, ana amfani da ƙusoshin sitenles mai lamba 316 maimakon 304, kuma duk inda alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe sai an sa mahaɗi na musamman, domin ruwan gishiri yana mayar da haɗin nan kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa har mahaɗin ya yi zafi ya ƙone. Idan aka tara kuɗin waɗannan duka, aka ƙara kuɗin fili a Legas, arhar tashar fili takan ragu ƙwarai.

Zaɓi na biyu shi ne a shigar da makunnai da birekoki cikin ɗaki, a jere a cikin akwatunan ƙarfe, wutar ta shigo ta kebul na ƙarƙashin ƙasa. Ga masana'anta mai ƙarfin kilobolt 33 ko 11, wannan shi ne abin da na fi ba da shawara a mafi yawan lokuta, amma ina ba da ita da gargaɗi, domin a cikin akwatunan nan ma iska ce take raba wayoyi, kuma iskar ɗakin daga waje take zuwa. Magininmu na arewa ya saba barin tagogin shan iska manya saboda zafi, wanda a Kano hikima ce, a Lekki kuwa ƙofa ce aka buɗe wa gishiri. Idan dare ya yi ƙarfe ya huce, gumi yakan tsatsafo a cikin akwati, ya kwanta a kan robar da ke riƙe sandunan wuta, ƙananan tartsatsi su fara cin ta a ɓoye, wata rana akwatin ya fashe ba tare da kowa ya ga alama ba. Mai ƙwarewa yakan gane abin tun da wuri da wani wari mai kaifi da yake ji idan ya buɗe ƙofa. Maganin ba mai tsada ba ne, amma yana son kulawa: a rufe ɗakin sosai, a toshe duk ramin da kebul ya shigo ta ciki, a sa na'urar busar da iska ko ta sanyaya ɗaki, a tabbatar ƙananan hitocin da ke cikin kowane akwati suna kunne koyaushe. Na sha tarar da an kashe waɗannan hitoci don a rage cin wuta, alhali abin da suke ci bai kai na dutsen guga ba.

Zaɓi na uku shi ne tashar da aka rufe ruf, wadda ake kira GIS, inda duk sassan da ke ɗauke da wuta suke cikin bututu ko tankin ƙarfe da aka cika da wata iska ta musamman mai hana wuta tsallakewa, mai suna SF6. Tun shekarun 1960 ake amfani da irinta a manyan biranen da fili ya yi tsada. Gishiri ba ya kai ga sassanta na ciki, raɓa ba ta kai gare su, ƙadangare da maciji da ɓera ma haka, kuma a manyan layuka filin da take ci yakan kasance kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da tashar fili za ta ci. Idan filin mutum yana kallon teku kai tsaye, ko kuma ɗan tsukuku ne a Apapa inda kowane taku kuɗi ne, babu abin da ya kai ta. Tana iya yin shekaru ba a buɗe cikinta ba.

Sai dai ranar da ta lalace, ranar ce mai gida zai san farashinta na gaskiya. Ba a gyara ta da sifana da ƙwarewar hannu kawai, ana buƙatar na'urar zuƙe iskar da mayar da ita, da ma'aikacin da kamfanin da ya ƙera ta ya horar, da kayan gyara da sau da yawa sai an yi odarsu daga waje da dala. Abin da za a gyara cikin yini guda a tashar fili yana iya ɗaukar makonni, kuma wanda yake da ɗakin sanyi cike da kaya ya san abin da mako guda yake nufi. Idan an tashi faɗaɗa ta, yawanci sai an koma wa kamfanin farko, ya faɗi farashin da ya ga dama. Ita kanta iskar tana da nata nauyin. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan sau biyar, don haka idan ta yoyo takan taru a ramin kebul ta kori iskar numfashi, kuma abin da take rikiɗewa ta zama bayan babban tartsatsi guba ne. Wajen ɗumama duniya kuwa, kilo ɗaya nata ya kai kimanin kilo 23,500 na hayaƙin kabon, shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2024 da ta hana sa ta a sababbin kayan da ba su wuce kilobolt 24 ba daga Janairun 2026, waɗanda suka wuce 24 har zuwa kilobolt 52 kuma daga 2030. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma kamfanonin da muke saye a wurinsu suna komawa ga busasshiyar iska da birekar da ke katse wuta a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta, don haka wanda zai saya yau ya kamata ya nemi a rubuta masa shekarun da za a ci gaba da samar masa da kayan gyara.

Duk wanda aka zaɓa daga cikin ukun nan, taransifoma tana da nata hukuncin, kuma ita ce mafi tsada a cikin kayan. An tsara ta bisa ƙa'idar cewa zafin waje ba zai wuce digiri 40 ba, matsakaicin shekara kuma digiri 20, alhali matsakaicin Kano da na Legas duk sun haura digiri 25, kuma ƙarin digiri 6 a cikin naɗin wayoyinta yana rage rabin rayuwar takardar da ke rufe wayoyin. Wannan ya shafe mu duka, shi ya sa ba na son a cika mata kaya har wuya a ko'ina. Abin da bakin teku ya ƙara shi ne laima. Taransifoma mai tankin mai a sama tana numfashi, tana shaƙar iska idan ta huce, ta cikin wata kwalba mai ƙwayoyin silika da ke tsotse danshi. A Kano ƙwayoyin nan sukan daɗe da shuɗin launinsu, a Legas kuwa da wuri suke komawa ruwan hoda, idan ba a canja su ba ruwa ya shiga mai, man ya rasa ƙarfinsa. Ga ƙaramar masana'anta na fi son wadda aka rufe tankinta ruf ba ta numfashi, da fenti na ma'aunin C5, kuma bakin wayoyinta yana cikin akwati maimakon tangaran a fili. Busasshiyar taransifoma marar mai tana da kyau a cikin sito saboda tsoron gobara, amma ita ma idan iskar teku ce take shan ta, gishiri zai kwanta a kan naɗinta, sai an tace iskar da ke shiga ɗakin.

Akwai abin da ya fi gishiri saurin kashe tasha, wato ruwa a ƙasa. A ƙarshen Oktoban 2012, lokacin guguwar Sandy, ruwan teku ya shiga babbar tashar kamfanin Con Edison a birnin Niyok, kudancin tsibirin Manhatan ya yi kusan kwana huɗu a cikin duhu. A tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, lokacin da igiyar teku ta afka mata a watan Maris na 2011, janaretoci da akwatunan makunnai da aka ajiye a ƙarƙashin gini ne ruwa ya fara cinyewa. A gida kuwa mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Bayelsa. Mu da muke samun ruwan da bai cika kai milimita 1,000 a shekara ba mun saba ɗora taransifoma a kan ɗan dakali, Legas kuwa tana samun sama da 1,500, kuma ƙasarta a kwance take dab da ruwa. Kafin a zana komai, a je a tambayi tsofaffin mazauna wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bango, a ɗaga daɓen tasha sama da wannan alama da tazara mai kyau, idan da hali ma a kai akwatunan makunnai da batura hawa na farko. Yawancin filayen Lekki yashi ne da aka cike fadama da shi, ginin da ba a kafa masa turaku masu zurfi ba yana iya nitsewa ta gefe guda, kuma tashar GIS ba ta jure irin wannan karkata saboda mahaɗan bututunta. Wayar ƙasa kuwa, wadda ake binnewa don ta zubar da wutar da ta kauce hanya, tana samun sauƙi a can, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai gishiri tana karɓar wuta fiye da jar ƙasarmu ta rani, amma ƙasar tana cin ƙarfe, don haka jan ƙarfe mai kauri ake binnewa, a riƙa auna shi duk shekara.

Abin da na faɗa wa Alhaji shi ne ya fara auna nisan filinsa daga teku da kuma inda iska take fitowa. Idan filin yana can ciki, wajen Ikorodu ko bayan Ikeja, kuma yana da faɗi, tashar fili da mariƙin silikon da ƙarfe mai rufi biyu za ta yi masa hidima, kuma yaransa za su iya kula da ita. Idan yana jin ƙamshin teku daga ƙofar sito, kada ya bar ko waya ɗaya tsirara a waje, ya shiga ɗaki, ya kashe kuɗi a kan rufe ɗakin da busar da iskarsa. GIS kuwa ya ajiye ta sai idan fili ya matse shi ko teku tana bayan katangarsa, kuma sai bayan ya ga da idonsa cewa kamfanin yana da ma'aikata da kayan gyara a cikin Nijeriya. Filinsa ya faɗa a kashi na biyu, don haka ɗaki muka zana, daɓensa a ɗage, kebul yana shigowa ta ramin da aka toshe. Na kuma roƙe shi kada ya biya kuɗin ƙarshe sai kamfanin rarraba wuta ya amince da zanen, hukumar NEMSA mai tantance ingancin aikin lantarki ta duba aikin ta ba da takarda, an kuma auna kaurin fenti da tsawon mariƙan waya a gabansa, aka gwada da abin da aka rubuta a yarjejeniya.